Kofin Baƙi na Inna

Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da mai ɗakinka da yaran. Mu ma nan lafiya lau. Inna na gaishe ka, ta ce a tambaye ka ko har yanzu kana fita aiki da sassafe ba rigar sanyi. Ƙafarta na nan yadda ka san ta. Tari babu, zazzaɓi babu, mun gode Allah.

Ka ga takarda maimakon kira. Wayata ba ta hannuna yanzu, kuma kar ka tambaye ni dalili. Direban da ke kai muku kayan abinci can wurin aikin dam ya ce zai riƙa karɓar mini saƙo duk ranar da aka bar shi ya wuce shingen hanya. Ga shi annoba ta mayar da ni zamanin Baba.

To, ga maganar. An rufe makarantarmu, ka sani. Abin da ba ka sani ba shi ne mai makaranta ya tara mu a fili, kowa nesa da kowa, ya yi mana jawabi ta cikin takunkumi. Ya ce ba yara ba makaranta, kuma aikin da zai fara tafiya shi ne nawa na ɗakin karatu, tunda littattafai za su iya kula da kansu. Rabin rayuwata na yi ina liƙa musu baya da gam, ban taɓa ganin wanda ya kula da kansa ba. Sai ya ƙara da cewa ɗakin da muke ciki na ma'aikata ne, wanda ba ma'aikaci ba kuwa ba shi da ɗaki. Ya ba mu zuwa ƙarshen watan gobe. Ya samu wani ɗan kasuwa da zai kama layin ɗakunan gaba ɗaya ya zuba katan-katan na sabulun wanke hannu. Za a fitar da tsohuwa a shigar da sabulu, don kare lafiyar jama'a.

Na fita neman taimakon da rediyo ke ta shela. Rediyon nan da ke cewa kowa ya zauna a gida, shi ne kuma ke cewa kowa ya je ya karɓi tallafi. A ofishin unguwa suka ce sai mai kati. Katin kuma saƙonsa ta waya yake zuwa. Na ce ba ni da waya, suka ce in aiko musu da ƙorafi ta waya. Na bi wani layin a filin ƙwallo, ƙirjin wata a bayana, nawa a bayan wata, wani mutum da lasifika yana yi mana tsawa mu ba juna tazara. Buhun shinkafa ɗaya na gani da idona. An miƙa wa wannan an ɗauki hoto, an karɓe an miƙa wa waccan an ɗauki hoto, ya fi amarya shan hoto. Da layi ya zo kaina aka ce an tashi.

Ba mu kwana da yunwa ba tukuna.

Ba kuɗi nake nema a wurinka ba, na san an rage muku albashi. Mutum nake nema. A garin nan yanzu ko gaisuwa sai kana da hanya. In ka san wani da ya san wani, ka yi magana. Ni zan iya kwana ko a gindin bishiya. Inna ce ba za ta iya ba.

Yayarka.

*

Yaya,

Ina gaishe ki da kyau, ke da Inna. Takardarki ta iso, hankalina ya kwanta da na ji kuna lafiya kuma abinci bai yanke ba. Ki ce wa Inna ina sa rigar sanyi.

Mu nan an kulle mu cikin sansani. Wanda ya fita ƙofa, ya fita daga aiki ke nan. Mai ɗakina da yara suna gidansu, ni ma labarinsu kawai nake ji.

Amma ga albishir. Akwai abokin aikina mai walda, ƙanwar matarsa na aiki da wata ƙungiyar agaji a garinku. Suna ba da abinci duk wata. Suna kuma da ɗakuna a wani tsohon gidan kwanan ɗalibai, na tsofaffin da ba su da wurin zuwa, kowane tsoho da mai jinyarsa ɗaya. Ka'idarsu sai sun turo an ga gida tukuna. Ya yi mana magana, yarinyar da kanta za ta zo.

Yaya, na san halinki. Don Allah ki riƙe bakinki ranar nan. Mutumin nan ya sa bakinsa ne saboda ni, kar yarinya ta koma ta ce an wulaƙanta ta. Ki karɓe ta da mutunci. A share ɗaki, a gyara wa Inna jiki, kar a ce 'ya'yan Baba sun bar uwarsu a banza.

Ƙanenki.

*

Auta,

Gaisuwa da fatan alheri. Lafiyarmu ƙalau, tari babu. Na bi shawararka, karo na farko tun da aka haife ka, ga kuma abin da ta haifa.

Kuskurena na farko, na karanta wa Inna takardarka. Tana jin kalmar baƙuwa ta miƙe zaune kamar an cire mata shekara goma. Ta sa na wanke labule da guntun sabulun da ya rage mana. Ta sa na shafe mata ƙafa da mai, na ciro zanen nan na ƙasan akwati, na ari kujera wurin mai ɗinkin da ke bayan katangarmu. Sannan ta ce a sauko da kofin.

Ka san wanda nake nufi. Farin nan mai bakin zinariya, wanda ya rage cikin 'yan'uwansa da Baba ya kawo. Wanda ka sha duka saboda ka taɓa shi da hannun miya. Ni da kai ba mu taɓa kai shi baki ba, ita ma haka, na baƙi ne. Akwai ɗan sukarin da na ƙulle a leda ina ɓoyo, saboda safiyar da maganinta zai ƙi zama a ciki. Ta san inda yake. Ashe tsohuwar nan duk abin da nake ɓoyewa tana kallona.

Yarinyar ta zo da hantsi. Siririya, sa'ar 'yar da zan haifa, takunkumi a fuska, safa a hannu. Ta tsaya a bakin ƙofa.

Inna ta ce, "Shigo, 'yar nan, ba a tsayuwa a ƙofarmu."

Ta ce, "Kaka, an hana mu shiga."

"To kujera ta fito ta same ki. Ke Uwar Takarda, miƙa mata."

Na miƙa. Shayi ya biyo baya a kan faranti. Yarinya ta ce ba ta cire takunkumi a wurin aiki. Inna ta ce, "Ɗaga ki kurɓa, wa ke kallon ki? Ko kin raina mu ne?" Ta ɗaga ta kurɓa. Ina tsaye ina kallon sukarina yana wucewa.

Sai tambayoyi. "Kaka, kun ci abinci yau?"

"Alhamdu lillahi, har mun rage."

Ba ƙarya ta yi ba. Mun rage, don abin da muka rage shi ne na dare, shi ne kuma na gobe.

"Akwai mai taimaka muku?"

"Ɗana na can aikin dam. Babban ma'aikaci ne."

Kai ne babban, Auta, mai ƙirga buhunan siminti. Ina ganin idon yarinyar yana zagaya ɗakin ta saman kafaɗata: kantar littattafan Baba, rediyon da batirinsa ya mutu tun makon jiya, labule yana ƙamshi, gado da shimfiɗa ba ko tattara. Magana ta zo mini har wuya, na tuna an ce in riƙe bakina. Abin da na iya cewa kawai shi ne an ba mu wa'adin tashi. Ta ce ta ji. Ta yi wa Inna godiya, ta ce ta daɗe ba ta shiga gida mai tsabta haka ba. Inna ta wuni tana maimaita wannan magana.

Da na je ofishinsu jin sakamako, ta taga aka yi mini magana. Wani ya duba na'urarsa ya karanto mini: ɗaki a tsare, akwai kayan ɗaki, akwai shayi da sukari, akwai ɗa mai aiki. Ba mu cikin mafiya buƙata. Na karanta littattafai da yawa masu talakawa a ciki, ba wanda ya gaya mini cewa talaka sai ya yi kama da talaka kafin a yarda da shi.

A nan na saki bakin da ka ce in riƙe. Ban bar tagar ba sai da suka yarda za su sake turowa. Matan da ke layi suna ta dariya. Wata ta ce, "Baiwar Allah, shayi kika ba su? Da sukari?" Suka ce ai kowa ya sani, kafin masu dubawa su zo ana fitar da duk abin da ke da kyan gani.

Don haka na kwashe ɗakin. Gado, kanta, littattafan Baba, rediyo, labule, akwatin Inna, duk sun fita. Direba na ta yi mini hon a waje, sauran sai wani jiƙon.

Yayarka.

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Ina fatan Inna na lafiya, in har akwai lafiya ga tsohuwar da aka sayar da gadonta tana raye.

Na karanta takardarki har sau uku ko zan ga na yi kuskure. Kin kwashe ɗakin. Littattafan Baba, Yaya? Akwatin Inna? Ba naki ba ne ke kaɗai. Da kin tambaye ni, da na ce ki jira. Ke ce kika rubuto mini da hannunki cewa ba ku kwana da yunwa ba. To me ya yi zafi haka?

Tun muna yara haka kike. Ki yanke hukunci ke kaɗai, ki zartar, sannan ki sanar da mutane kamar labaran rediyo. Kuma mai walda ya ji abin da kika yi a tagar ofishin mutane. Da wane ido zan kalle shi?

Ki gaya mini wanda kika sayar wa. In an buɗe ƙofa zan bi su ɗaya bayan ɗaya in karɓo.

Ƙanenki.

*

Auta,

Ina gaishe ka, tunda haka aka koya mana. Tari babu. Sauran lafiyar ka auna da kanka in ka gama karatu.

An sake rufe hanya, takardarka ta daɗe a aljihun direba, ta iso bayan komai ya wuce. Ban sayar ba, sakarai. Bayan katanga na kai su, shagon mai ɗinki, aro na kwana biyu. Kai da ka karanta sau uku, ina ma ka karanta ta farkon sau biyu, da ka ga na ce "tukuna".

Ga yadda aka yi. Inna na zaune a tabarma tana kallo ana fita da kaya. Da aka ɗaga gadon ta ce, "Wa ya mutu?" Na ce ba kowa. Na zauna na yi mata bayani dalla-dalla, kamar yadda nake wa 'yan aji ɗaya: mutanen nan ba za su ba mu ɗaki ba sai sun ga ba mu da komai. Ta ce, "Ni za ki tsiraita a gaban baƙi?" Na ce baƙin nan ba irin waɗanda kika sani ba ne. Ta ce baƙo baƙo ne.

Na ɗaura mata tsohon zanen da muke goge ƙasa da gefensa. Ban shafa mata mai a ƙafa ba, na bar faso ya fito fili. Ta miƙo mini ƙafar da safe kamar kullum, na yi kamar ban gani ba. Daga nan ba ta sake yi mini magana ba. Na nemi kofin ban gan shi ba, na ɗauka ya bi akwati.

Su biyu suka zo, yarinyar nan da wani babba a kanta, mai furfura a gemu da takalmi mai sheƙi. Ɗaki ba komai sai tabarma, bokiti, tukunya. Mutumin yana leƙe yana gyaɗa kai, kamar mai sayen rago ya samu abin da yake so, sai dai shi rama yake nema. Yarinyar ta kalli bango, inda kanta ta bar farin wuri mai kusurwa huɗu da ramukan ƙusa. Ta kalle ni. Ba ta tona ni ba, Allah ya saka mata.

Ya ce, "Lallai wannan akwai buƙata." Har ya fara danna na'urarsa. Auta, ɗakin nan ya zo hannuna, na ji sanyin makullinsa.

Sai Inna ta sa hannu ƙarƙashin zanenta ta ciro ƙulli. Kofin ne, naɗe cikin ɗankwalinta. Kwana biyu tana kwana da shi a jikinta. Ta goge shi, ta miƙo mini, ta yi mini magana karo na farko: "Zuba wa baƙi ruwa."

Na zuba. Me zan yi? Ta karɓa ta miƙa wa mutumin da hannu biyu, ta ce, "Ku yi haƙuri da yadda kuka same mu. Ba haka muke ba. Muna da gado, muna da labule, muna da littattafai har sama. Yarinyar nan ce ta kai su maƙwabta shekaranjiya, ban san abin da ya shiga kanta ba. 'Yar nan ai ta sani, ta zo ta gani, har ta yaba."

Mutumin ya juya ya kalli yarinyar. Ita ta kalli ƙasa.

Sai wa'azi. Ya ce irina ne ke cinye haƙƙin talakawa na gaskiya. Ya ce da gani na yi karatu, ya kamata in ji kunya. Ya ce ka'ida ce, duk wanda aka kama da yaudara an cire shi daga komai, har abincin. Na ce, "Ranka ya daɗe, ranar da na nuna muku gaskiya kun ce ba ni da buƙata. Ranar da na nuna muku buƙata kun ce ba ni da gaskiya. Wace rana ce kuke duba duka biyun, in jira ku?" Ya ce ba da shi zan yi rashin kunya ba.

Duk wannan Inna na riƙe da kofin a sama, ruwa na zuba a tabarma. Bai karɓa ba. Yarinyar ce ta tsallako ƙofar da aka hana ta tsallakawa, ta durƙusa ta karɓa ta shanye.

Da suka tafi Inna ta gyara zama ta ce, "Ko ba komai sun san mu ba mabarata ba ne." Na ɗauko mai na shafe mata ƙafa.

Yanzu kuwa ina sayarwa, ka karanta da kyau. Gado ya tafi, mun ci shi. Littattafan Baba suna wurin mai shagon bakin titi, yana yage su yana naɗa wa mutane gishiri. Jiya na sayo gishiri, na karanta rabin shafi a hanya. Ba sai ka bi kowa ka karɓo ba. Wa'adinmu mako mai zuwa ne, kuma mai makaranta ya riga ya turo an auna ƙofa.

Yayarka.

*

Yaya,

Ina gaishe ki, ina neman gafara. Na rasa abin da zan rubuta. Ni na ce a share ɗaki. Ni na ce ki riƙe bakinki.

Na je wurin shugaban sansani na roƙi ko kwana uku ne. Ya nuna mini ƙofa ya ce a buɗe take, amma ta fita ce kawai. Na tsaya a gabanta har aka busa komawa aiki. In na fito, bakin da zan ciyar sun ƙaru, hannun da zai ciyar ya ragu. Ki gaya mini abin da kike so, in kin ce in zo zan zo.

Na ba direba bargona da abin da na tara daga rabon abincina, gwangwanayen kifi ne da ɗan sukari. Sukarin na Inna ne, ki ce mata ba na baƙi ba ne. Mai walda ya daina gaishe ni, wai an hukunta yarinyar saboda mu.

Ina za ku, Yaya? Ki rubuto ko layi ɗaya ne. Direba ya dawo sau biyu hannu wofi, ya ce ya tarar da katan-katan a ɗakinku.

Ƙanenki.

*

Auta,

Ina gaishe ka. Ni lafiyata ƙalau, wannan karon gaskiya ce, kuma ba abin da ya fi ta ba ni haushi. Ka nemi wuri ka zauna.

Inna ta rasu. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta. Ka yi mata addu'a, sannan ka ci gaba da karatu, don ba zan iya rubuta wannan sau biyu ba.

Ranar wa'adi aka fito mana da tabarma da bokiti. Mai ɗinki ta so ta ɗauke mu, mijinta ya ce yana da yara, ba ya shigar da kowa gida a wannan lokaci. Ban ga laifinsa ba. Hukuma ta buɗe wani katafaren ɗakin ajiya kusa da tashar mota don waɗanda ba su da wurin kwana, can muka nufa. An zana wa kowa wurinsa da alli a ƙasa, faɗin tabarma biyu. Rufin kwano, taga can sama, mutane kamar kasuwa, tari daga wannan kusurwa ya amsa a waccan.

Ka san uwarka. Kullum da safe sai na share mata cikin zanen allin nan. Ta ninke zanenta ta ajiye a gefe. Duk wanda zai tsallako layin, sai ta ce ya cire takalmi. Mutane suka fara yi mata dariya, daga baya suka fara cirewa. Har sallama ake yi mata a bakin alli.

A can yarinyar ƙungiya ta same mu. An cire ta daga duba gidaje an mayar da ita rabon abinci, ita ke riƙe da ludayi. Ta gan mu ta tsaya. Inna ta ce, "Ga 'yata mai shan shayi." Yarinyar ta zuba mana abinci ta wuce. Bayan kwana biyu ta dawo ta ce mini an samu ɗakin. Wai duk tsohon da aka tarar a ɗakin ajiyar nan ba ya buƙatar a duba gidansa, zamansa a nan ya isa shaida. Ka ji hanyar, Auta. Ashe tun farko abin da ake so mu yi ke nan, mu zo mu kwanta cikin masu tari. Ta ce makulli na nan fitowa, mu ƙara haƙuri kaɗan.

Kafin makulli ya fito zazzaɓi ya riga shi. Sai tari. Direba ya gano mu a can ya kawo saƙonka, na yi ta ba ta ruwan zafi da sukarinka, ta sha, ta ce a gode maka. Bargonka ta rufa da shi. Masu fararen kaya suna zagayawa kowace safiya da abin auna zafin jiki, suka ɗora mata a goshi, suka kalli juna, suka ce sai sun tafi da ita. Na ce zan bi ta, ni ce mai jinyarta. Suka ce inda za a killace ta ba a shiga da mai jinya. Na yi musu duk maganar da na iya, ka san kuwa na iya. Kamar da bango nake.

A bakin motarsu ta ciro ƙullin nan ta danƙa mini. Ta ce, "Can ba ni da baƙi. Riƙe, in an ba ki ɗakin wani zai zo." Sannan ta ce wa mai farin kayan ya yi mata a hankali da ƙafa. Maganarta ta ƙarshe da na ji ke nan.

Makulli ya fito washegari. Ɗaki ne mai kyau, ba zan yi musu ƙarya ba. Tagarsa na kallon hantsi, yadda take so. Ba komai a ciki sai katifa biyu, kamar dai wanda na shirya wa mai takalmin nan. Na share shi. Kullum in je ƙofar wurin killacewa in tsaya, a ce mini tana nan, in dawo in sake sharewa. Ranar da ba su ce tana nan ba, wani ne ya fito ya tsaya nesa da ni ya faɗa mini ta cikin takunkumi, sai da na sa ya maimaita. Su suka yi mata wanka, su suka kai ta. Daga bayan shingen waya na hango. Matar da ba ta taɓa barin baƙo ya tafi ba rakiya ba.

Ɗakin na tsoho ne da mai jinyarsa. Ba tsoho, ba mai jinya. Gobe zan mayar da makulli, kuma ban yi musu gardama ba, akwai wata tsohuwar a cikin alli tana jira. Mai ɗinki ta shawo kan mijinta, zan riƙa kwana a shago tsakanin kekunan ɗinki har a buɗe gari. Yarinyar ta sa sunana cikin masu karɓar abinci, ban tambaye ta yadda ta yi ba. Don haka kar ka fito. Ka riƙe aikinka, kana da yara. Ba abin da za ka tarar a nan da ya kai ka fita ƙofar sansanin. Kuma ka daina cewa kai ne ka ce a share ɗaki. Ko ba ka ce ba sai ta sa an share.

Ga ƙulli nan wurin direba, na ce ya riƙe a cinyarsa kar ya sa a baya. Ɗankwalinta ne, da kofin a ciki. Ni ba zan iya zama da shi ba. Kar ka ɗora shi a kanta, kar ka ajiye wa kowa. Ka sha shayinka a ciki kowace safiya. In ka koma gida ka ba yara su sha, ko da hannun miya ne. In ya fashe ya fashe.

Kafin in naɗe shi na ɗebi ruwa na sha. Ruwa ne kawai, Auta, irin na kowane kofi.

Yayarka.